Shekarar da Na Ƙara wa Jatau

Ranar Asabar ce, saura kwana tara Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa, da safe Kumasi ta tashi tana ƙamshin jar ƙasa. Ina tsaye a bakin garkenmu, silifas ɗina sun nutse cikin taɓo, hannun kakana yana kan kafaɗata kamar kullum. Baba Tsoho muke ce masa. A lokacin yana ta riga ta rufe masa idanu, ba ya bambance komai sai haske da duhu, ni ce 'yar jagorarsa. A gabanmu Jatau ne, bijimin garken, ja wur kamar sabuwar tukunya, tozonsa ya kwanta gefe guda, yana huro mana numfashi mai ɗumi. Baba Tsoho ya saki kafaɗata ya laluba wuyansa, ya bi haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ya buɗe masa baki ya shafa haƙoran da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya goge hannun a rigarsa, ya juyo inda yake jin numfashina, ya kira ni da sunan wasan da ke tsakaninmu. "Uwargida, hannu ya yi nasa, saura ido. Gaya mini abin da kike gani." Amsar da na ba shi a safiyar nan ita ce har yau nake juyawa a raina.

Baba Tsoho mutumin Adar ne, can ƙasar Nijar. Yana saurayi ya biyo shanun fatake zuwa Kumasi, ya ga gari mai ruwa da itatuwa, ya zauna, ya yi aure, ya gina gidan da aka haife mu a ciki a Zongo. Gida ne mai zaure da tsakar gida ɗaya, ɗakuna a kewaye, rabi namu rabi na 'yan haya. Akwai Mosawa, akwai Dagombawa, akwai Mame Akosuwa mai sayar da fufu. Da Hausa ake gaisawa a gidan, da Tuwi ake ciniki, mu yara kuwa in faɗa ya yi zafi sai mu koma Turancin makaranta. Shanu ba su da wuri a wannan cunkoso, don haka garken yana can bayan gari, inda turoturo, motar haya, take sauke fasinjanta na ƙarshe ta juya. Shanu ashirin da 'yan kai ne a hannun wani Bafulatani, Malam Buba, wanda ladansa shi ne nonon: abin da aka tatsa nasa ne, 'yan maruƙa namu. Matarsa, Inna Dija, ita ke dafa nonon ta yi wagashi, wato cuku, ta ɗauko a tire ta zagaya Zongo tana sayarwa.

Aikina a gida shi ne tara wa shanu abin marmari. In na dawo daga makaranta, kafin lokacin allo, sai in ɗauki bokiti in bi gidajen masu koko in karɓo dusar da suka tace. Daga nan in zauna bakin turmin Mame Akosuwa ina tsince ɓawon rogo da na ayaba. Ɓawon rogo ba a ba dabba shi ɗanye, sai an shanya ya bushe, saboda haka rufin bayan ɗakinmu kullum a cike yake da shanya, ni kuma kullum idona yana sama ina gadin hadari. Ƙawayena suna buga ampe a lungu, suna tafi suna tsalle, in na wuce da bokitina su bi ni da "Hajiya Dusa". Mame Akosuwa takan yi dariya ta ce da irin tata Hausar, "Kai Rabi, wannan saniyanka ya fi ni jin daɗi a Kumasi." Ban taɓa jin haushi ba. Na san ranar Asabar tana zuwa, ranar da zan ɗora ƙullin dusa a kai, in riƙe kakana mu ratsa kasuwa zuwa tashar mota, ina gaya masa inda kwata take da inda mai amalanke yake tahowa.

Jatau ya sauka daga motar da ta kawo shi daga arewa a makon da aka yi sunana, yana ɗan matashin sa. Shi ya sa a gida ake ce mana sa'anni. Da na buɗe ido na san duniya, shi ne abu mafi girma da na taɓa gani mai rai. In an buɗe garke da safe shi ke fara fita, a hankali, ba ya waiwaye, sauran su bi shi. In ya yi ruri sai ka ji a ƙirjinka kafin ka ji a kunne. Yakan tona ƙasa da ƙafar gaba ya watsa a bayansa in ya hango baƙon sa daga nesa, amma ni yakan sunkuyar mini da kai in sosa masa tsakanin ƙahoni. Harshensa kamar soso, yana lasar gishirin tafin hannuna har sai na yi dariya. 'Ya'yansa duk da alamarsa suke fitowa, jajaye masu doguwar fuska. Matan cikinsu in sun tasa, Baba Tsoho yakan musanya su da na garken wani abokinsa, don kada uba ya hau 'yarsa jini ya lalace. Na sha zama a gindin mangwaron da ke bakin rafi ina ba Jatau labarin makaranta, har da waƙoƙin da nake haɗawa waɗanda ban taɓa karanta wa mutum ba.

A bangon zaurenmu akwai ƙahoni jeri uku a rataye, kowanne a kan ƙusarsa. Na bijiman da suka riƙe garken ne kafin Jatau. Baba Tsoho ya san su da suna, kuma ko bayan idonsa ya tafi yakan miƙa hannu ya shafa su in zai fita masallaci. Yana da wata ƙa'ida da ya kafa wa kansa tun zuwansa Kumasi: bijimin garke ba a sayar da shi ga mahauta. In ya yi shekarunsa, ƙarfinsa ya fara juyawa, sai a fitar da shi daga garke tun yana da ƙiba da lafiya, a wanke shi, a kawo shi ƙofar gida, a yi layya da shi ranar Babbar Sallah. Mai gida da kansa ke riƙe wuƙa. A raba naman gida-gida, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, sannan a rataye ƙahonin. "Wanda ya cika mini garke," in ji shi, "ba zai fita ta hannun baƙo ba." Sai dai layya tana da sharuɗɗanta, ba a yin ta da gurguwar dabba, ko mai ciwo a fili, ko wadda ta rame ƙwarai. Don haka duk hikimar tana ga lokaci. Dole a rabu da bijimi shekara ɗaya kafin zuciya ta so. A wancan watan, kusa da ƙahoni na uku, an riga an buga ƙusa ta huɗu. Ni na riƙe wa Kawu Sani, ƙanen mahaifina, kujerar da ya taka ya buga ta, ban san ta mece ce ba sai da na ji mata suna maganar yawan tukwanen da za a ara.

Na san Jatau ya tsufa, na ma riga kowa sani, don ni ke zama kusa da shi. Na ga yadda ya koma fita a tsakiyar shanu, daga baya a ƙarshensu. Na ga dunƙulen ciyawar da ke faɗowa daga bakinsa yana tuƙa, don haƙoran sun side. In saniya ta nemi barbara yakan sunsune ta, ya ɗaga leɓe, ya bi ta taku kaɗan, sai ya tsaya yana kallon nesa kamar ya manta abin da ya fito yi. Ya fara ƙosawa da 'yan maruƙan da a da suke wasa a ƙarƙashin cikinsa. Da safe kuma ƙafarsa ta baya ta hagu sai ta ɗan yi gardama kafin ta saki. Malam Buba ya faɗa wa Baba Tsoho cewa lokaci ya yi. Kawu Sani har ya gano wani matashin sa a kara, mai kyawun ƙira, mai shi ya yarda ya jira zuwa Sallah. Garke ƙarami ba ya ɗaukar bijimi biyu, in sabo zai shiga sai tsoho ya fita. Amma Baba Tsoho ya yi ta jan maganar. Na ji shi yana ce wa mahaifina, "Buba nono yake so, Sani kuma tun yana yaro sabon abu ke ruɗarsa. Zan tambayi yarinyar nan. Ita kaɗai ce ba ta da abin da take so a ciki."

Shi ya sa a waccan Asabar ya juyo gare ni. Malam Buba ya yi gaba da sauran shanu, Kawu Sani yana can yana kankare taɓo daga takalminsa, daga ni sai kakana sai Jatau. Tambaya uku ya yi mini. Shi ke fara fita da safe? Na ce shi ne. Yana bin shanu in sun nema? Na ce yana bi, ko makon jiya na gani. Tafiyarsa fa, babu inda yake ɗingishi? Na dubi ƙafar nan ta hagu, wadda ko a lokacin ya ɗan ɗage ta daga ƙasa yana hutar da ita, na ce ras yake tafiya. Muryata ba ta yi rawa ba, abin da har yanzu yake ba ni mamaki. Baba Tsoho ya mayar da hannunsa kan tozon. Can ya ce, "To, a bar shi ya ƙara shekara." Kawu Sani ya taso zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu, maganar ta mutu. Da Malam Buba ya ji hukuncin da yamma, kallona kawai ya yi, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

Rago aka yanka a Sallar nan, matashin san da Kawu Sani ya gano kuma wani ya saya. Ban taɓa cin naman Sallah da daɗi kamar na shekarar ba. Gani nake na ceci rai, ni kaɗai, da kalma uku. Na ninka ƙoƙari wajen tara dusa, ina jiƙa wa Jatau nasa da ruwan ɗumi da 'yar kanwa don ya samu haɗiya ba sai ya tauna ba. Na saci man kaɗen mahaifiyata ina shafa masa a kofato. Duk Asabar a mota Baba Tsoho zai tambaye ni labarin sa'ana, ni kuma in ƙara ɗinki a kan ƙaryar da na fara, har na soma yarda da ita.

Garken ne bai yarda ba. Shanu suka yi ta neman barbara, bayan mako uku su sake nema, suna kuka suna hawan junansu, Jatau yana kwance a gindin mangwaro. Waɗanda suke da maruƙa suka yaye, nono ya ja baya, babu sabon ciki da zai maye gurbi. Tiren Inna Dija ya koma rabi, ya koma 'yan dunƙule biyar, wata rana ta daina zuwa Zongo. Na ga 'ya'yanta suna shan koko babu nono a gidan da shanu suka kewaye. Da damina ta sake sauka, taɓo ya shiga kofaton nan na hagu ya ruɓe, yana wari, ƙudaje suna binsa. Aka kira likitan dabbobi ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya yi masa allurai, har da ta sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanun arewa a ƙasar kurmi. Ya ce ciwon zai yi sauƙi amma tsufa ba shi da allura. Jatau ya zube. Tozon da nake jingina da shi ya zama kamar tsohuwar jaka, ƙashin ƙugunsa ya fito har ana iya rataya hula. Malam Buba yakan yanko masa ciyawa ya kawo masa har inda yake, bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Da ma ya faɗa.

Da wata Sallar ta matso, Baba Tsoho ya sa aka gayyato limamin unguwarmu zuwa garke ya duba ko layya za ta yiwu. Wannan karon bai tambaye ni komai ba. Ya ce Malam Buba ya ja Jatau ya wuce ta gabansa a kan busasshiyar ƙasa, kowa ya yi shiru. Ya sunkuyar da kai yana saurare. Taku uku, sai jan ƙafa. Taku uku, sai jan ƙafa. Ban taɓa sanin ana jin gurguntaka da kunne ba sai ranar. Liman ya zagaya dabbar sau ɗaya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri." Baba Tsoho ya ce, "Na ji, Malam. Na riga ka ji."

Wata Talata ce aka zo ɗaukar Jatau, ranar da ba Sallah ba, ba komai ba. Barinsa cikin ciwo ba tausayi ba ne, kuma garke yana bukatar sabon bijimi. Na ƙi zuwa makaranta, Baba Tsoho bai hana ni binsa ba. Mahauta uku ne suka zo da buɗaɗɗiyar mota, ba mugaye ba ne, sauri kawai suke yi. Ba su san sunansa ba, ba su san ba a ja masa igiya da ƙarfi ba, kira kawai ake yi ya biyo. Ya kasa hawa katakon da suka jingina, ɗaya ya murɗa masa wutsiya, biyu suka tura, ya durƙusa a kan gwiwa, suka ja shi a haka. Babu wanda ya wanke shi. Sauran dusar da na jiƙa masa tana hannuna a roba, ban samu na ba shi ba. Kakana yana tsaye yana fuskantar wani gefe dabam da inda motar take, ban juya shi ba. Kawu Sani ya ce zai bi su ya karɓo ƙahonin. Tsohon ya girgiza kai. "Bangon nan na waɗanda na sallama da hannuna ne."

A turoturo muna komawa, an matse mu a kujerar baya tsakanin buhun gawayi da wata mata mai kwandon tumatir, na gaya masa. Na ce duk ukun ƙarya na yi masa, bara Jatau ba shi ke fara fita ba, ba ya bin shanu, kuma ƙafar ta riga ta fara. Na ce ni na hana shi layyarsa, ni na hana Inna Dija nono. Kuka ya hana ni ƙarasawa. Ya bari har motar ta wuce gada, sannan ya laluba kaina ya gyara mini ɗankwali. "Uwargida, shekara hamsin ina shafa haƙarƙarin shanu. Hannuna ya gaya mini gaskiya tun kafin in buɗe baki. Wanda zai ƙaryata mini shi nake nema, na duba duk gidan, na zaɓi ƙarama." Sannan ya ce, "Ke ya kamata ki yafe mini." Na zaci maganar za ta sauke mini nauyi. Ba ta sauke ba, raba shi kawai ta yi mu biyu, kowa ya ɗauki nasa har gida.

Sabon bijimi ya zo bayan Sallah, wani baƙi mai zafin kai, ya yi aikinsa, garke ya sake cika da 'yan maruƙa, Inna Dija ta dawo da tirenta. Ban raɗa masa suna ba, ban ma taɓa sosa masa kai ba. Baba Tsoho ya rasu ina aji biyu na sakandare, tun baƙin san yana ganiyar ƙarfinsa. Ashe Jatau ne bijimi na ƙarshe da ya rage masa ya riƙe wa wuƙa, ya raba wa Zongo, ya rataya. Bayan rasuwarsa gari ya ci gaba da tafiya har ya cim ma garken. Aka sayar da shanun, Malam Buba ya koma arewa da iyalinsa. Na je wurin kwanaki, turoturo ba ta juyawa a nan yanzu, gaba take wucewa. Inda mangwaron yake an gina shagon gyaran gashi, rafin ya zama kwata mai siminti.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta wajen Bantama, ina zuwa gida ƙarshen mako. Yaran gidanmu ba su san dusar koko tana da amfani ba, a kwata ake zubar da ita, ampe ma sai jefi-jefi. Ƙahonin nan uku suna nan a zaure, ƙura ta hau su, ƙananan sun ɗauka ado ne. Ƙusa ta huɗu ma tana nan, Kawu Sani yana rataya makullin babur ɗinsa a kai. In zan shiga gida nakan miƙa hannu in taɓa ta, kamar yadda kakana yake shafa sauran. Shekara ɗaya na roƙa wa Jatau, aka ba ni, kuma ita ce mafi wuya a duk shekarunsa.